Goggo da Watan da Baƙi Suka Bar Gidanmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ranar Talata da hantsi, a ɗakinta da ke unguwar Hausawa ta New Bell. Ruwa ake yi, irin na Duwala da ba ya ɗaukewa, a cikinsa muka kai ta makwancinta.

Mutane sun zo gaisuwa duk da halin da ake ciki. Sojoji sun dawo tsayawa a mararraba suna tambayar takarda, don haka wanda ya zo ba ya daɗewa, ya yi addu'a ya miƙe tun da sauran rana. Mahauta sun zo, dillalan goro sun zo. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Bamilike da ta daɗe tana maƙwabtaka da mu ta zo da damin itace a ka, ta sauke a bakin madafa, ta zauna a ƙasa tana hawaye. Ba ta jin Hausa sosai, kuma ba ta nemi kowa ya ce mata komai ba.

A zaure ne na ji wata magana. Wani dattijo ya shafa fatiha, ya karkata ga na kusa da shi ya ce, "Allah ya jiƙanta, mace ce mai salla. Sai dai hannun nan nata a dunƙule yake."

Ɗayan ya ce, "Ai a gidan nan ne aka taɓa korar baƙi."

Yayana yana zaune kusa da ni. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ni ɗan kasuwa ne, fata nake saye ina sayarwa, ban iya yabon da ba shi da tushe ba. Abin da suka faɗa ya faru. An kori baƙi a gidan nan, kuma Goggo ce ta kore su. Sai dai sun faɗi kuɗin kaya ba su faɗi kayan ba. Baba mijinta ya riga ta rasuwa, Yaya kuma ya ce in faɗa, shi ya sa nake rubuta wannan.

Baba mai masauki ne. Fataken shanu na Arewa in sun kawo dabbobi Duwala a gidansa suke sauka, su ci su kwana ba a karɓar komai a hannunsu, in an sayar da shanu ya sami la'ada. Shanun kuwa sai sun tako daga Ngaundere zuwa Nkongsamba kafin a zuba su a jirgin ƙasa, don haka kuɗi ba kullum suke shigowa ba. Sau ɗaya a wata Baba ke ba Goggo kuɗin cefane. In ya bayar ya gama. Yadda za su kai ƙarshen wata, wannan tsakaninta da Allah ne.

Tana da tukwane huɗu a kan wani katako sama da murhu, inda hayaƙi ke dukansu. Da ta sayo masara sai ta raba ta cikinsu, kowace tukunya ta mako ɗaya, ta liƙe baki da yumɓu. Ba a fasa sabuwa sai ranar Juma'a. Na taɓa ce mata, "Goggo, da kin niƙe buhun gaba ɗaya, ai da kin huta."

Ta ce, "Ƙarami, nan ba garinku ba ne. A nan gari in ya kwana uku sai ya yi fumfuna."

Ƙarami take ce mini, Yaya kuma Babba. Ban taɓa jin sunan ɗayanmu a bakinta ba.

Da gaskiyarta. A Arewa tuwo ya kwana a ɗumama shi da safe, a nan kafin gari ya waye ya yi tsami ya fara yauƙi. Saboda haka ba ta tara tuwo a akushi. Malmala ƙanana take yi, in mutum ya cinye a ƙaro masa. Takan ce, "Ci ka nemi ƙari, kada ka ci ka rage mini." Nama ba ta saye sai kasuwa ta kusa tashi, lokacin da mahauci ke tsoron kwana da shi. Ƙashi sau biyu yake shiga tukunya. Ƙanzo a jiƙa shi ya zama kunun safe. Dusar masara kuwa takan miƙa wa maƙwabciyar nan Bamilike ta kan danga, ita kuma ta miƙo mata makabo, wato gwazar ƙasar nan. Mata suka fara ƙus-ƙus cewa aladu matar ke ba dusar. Da maganar ta iso kunnen Goggo sai ta ce, "Ni dusa na ba ta. Ban bi ta bayan ɗaki ba."

Kada a ɗauka ba ta kyauta. Akwai wani makaho ɗan Garwa da ya yi shekaru yana cin abincin rana a bakin ƙofarmu. Amma shi ma da ma'auninsa. Tun ranar da ake raba masara take cire nasa. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne kyautar da ba a shirya mata ba, don a ganinta wannan ɗebe wa wani ne a ba wani.

Watan da nake son faɗa ya faɗo a shekarun yaƙin Turawa. Jiragen ruwa sun rage zuwa, gishiri da kananzir sun ɓace, masara ta yi tsadar da ban taɓa gani ba. Amma ba yunwa ce ta fi ba mu tsoro ba, kame ne. Gwamnati na neman masu aikin dole a hanyoyi da gonaki. Duk namijin da aka samu a titi, ko a kasuwa, ko a bakin jirgi, ba shi da takardar da ke nuna wa yake yi wa aiki, sai a ɗaure shi a jefa a mota. Akwai wani tela a layinmu da ya fita sayen zare da safe. Kekensa ya yini da riga a maƙale a ƙarƙashin allura. Matarsa ta jira har ta gaji ta koma garinsu. Waɗanda suka dawo kuwa, na ga ƙafafunsu, na ji tarinsu, ban so in sake gani ba.

A cikin wannan hali Yaya ya iso. Annoba ta kashe masa shanu, ya baro matarsa da 'ya'yansa a gida ya zo neman abin yi. Ni ina da takarda, don ina yi wa wani Bature mai sayen fata aiki a lokacin. Na roƙe shi ya ɗauki Yaya. Ya yarda, amma ya ce ba ya rubuta sabon ma'aikaci sai farkon wata. To, wata bai daɗe da kamawa ba. Dole Yaya ya zauna a cikin gida har wani watan ya kama, ko ƙofa kada ya leƙa. Gidan mai masauki sananne masu kame ba su cika shigarsa ba, wanda ke ciki yana ci yana sha ya tsira. In abinci ya ƙare ne mutum ke fita.

Goggo ta dube shi daga sama har ƙasa. Yaya dogo ne, kakkaura, makiyayi da ya saba da ƙwarya cike. Ta ce, "Babba, malmala nawa kake ci?"

Ya yi dariya ya ce, "Goggo, ana tambayar baƙo haka?"

Ta ce, "Kai ba baƙo ba ne, ɗan wana ne. Faɗa mini in san inda zan rage."

A ranar ta sake fasa tukwanen ta sake rabo. Ya isa, amma da ƙyar.

Ana cikin mako na biyu sai ga manyan fatake sun iso da yaransu. Su ne suka fi kowa kawo wa Baba shanu, rabin abin da gidan ke ci daga la'adarsu yake fitowa. Sun riga shanunsu zuwa, ruwa ya tsare garken a hanya, ba wanda ya san ranar isowarsa. Ga bakin ci sun ƙaru, ba ko sisi da ya shigo.

Baba ya shigo madafa da kansa ya ce, "Waɗannan ba irin mutanen da za a kai wa malmalar yara ba ne. A cika akushi."

Goggo ta ce, "Malam, in sun cinye zan ƙara."

Ya ce, "Babban mutum ba ya cewa a ƙaro. So kike a ce a Ngaundere gidana ana ƙirga loma?"

Aka cika akushi. Su kuma suka yi abin da manya ke yi a wurinmu. Babban baƙo ba ya suɗe ƙwarya, sai ya ci ya bar rabi, don a san ba yunwa ta kawo shi ba. A gida wannan ragowar ba ta ɓaci, yara su ci, ko a ɗumama. A nan kuwa, tuwon da hannuwa suka shiga aka kwarara masa miya, cikin wannan zafi da laima, kafin safiya ko kaza ba ta so. Ni nake kwaso akusan. Na ga Goggo ta tsaya a kansu tana kallo. Mu da Yaya muka riƙa cin abin da za mu iya, sauran ya lalace.

Tukunya ta uku ta ƙare tun Juma'arta ba ta zo ba.

Da rana tsaka suka yi faɗan, a tsakar gida, abin da ban taɓa gani tsakaninsu ba. Baba ya ce a fasa ta huɗu. Goggo ta tsaya a gabanta.

"Ki ci bashi a kasuwa."

"Wa ke ba da bashin masara bana? Je ka gwada, kai da kake da rawani."

"To shanu na nan tafe."

"Yaushe? Wata ba ya gajarta don mun ƙosa. In na fasa wannan yau, jibi ba komai a gidan nan. Kai ka fita, Ƙarami ya fita, baƙinka su fita, kowa da takardarsa a aljihu. Shi fa?"

Ba ta nuna ɗakin da Yaya yake ba, amma bangon kara ne, ya ji komai. Bayan la'asar ya same ni ya ce gobe zai je bakin jirgi ya yi dako, ko me ya samu ya kawo. Na ce masa can ne aka fi kame. Ya ce, "Ni da nake ciyar da mutane, yau ni ne ake faɗa a kan tuwona? Gara a kama ni." Na san shi, ba barazana yake yi ba. Na je na faɗa wa Goggo.

Ta ajiye muciya, ta wanke hannu, ta yafa mayafi, ta nufi zaure. Tun da nake gidan ban taɓa ganin ta taka wurin ba in da baƙi. Ba ta shiga ba, ta tsaya bayan asabari ta yi sallama. Hira ta tsaya.

Ta ce, "Iyayen gida, ku gafarce ni. Mace ce ke magana, kuma ba mijina ya aiko ni ba. Abin da ya rage a gidan nan ba zai ɗauke mu da ku ba. Daga gobe makabo zan iya kawo muku, shi ma sau ɗaya. Wanda zai iya, gida nasa ne. Wanda ba zai iya ba, Allah ya ba ku takarda, akwai gidaje a unguwa."

Ba ta ambaci Yaya ba. Yaransu na yawo gari suna surutu, in magana ta fita cewa akwai mutum a ɓoye, ai an gama.

Babbansu ya juya ya ce da Baba, "Alhaji, ashe mun yi nauyi. Da ka faɗa mana da bakinka." Baba bai iya ɗaga kai ba. Kafin magariba suka naɗe tabarminsu suka koma gidan wani mai masauki a layin baya. Da shanunsu suka iso, shi ya ci la'adar. Ba su sake sauka a wurinmu ba, kuma labarin ya riga su isa Arewa. Gidan Baba bai koma yadda yake ba har ya rasu. Ya yi watanni ba ya ce wa Goggo komai sai abin da ya zama dole. Ni da na san ciniki na san abin da aka yi asara, ba kaɗan ba ne.

Na ɗauka da tafiyarsu Yaya zai kwantar da hankali. Sai abin ya ƙaru. Yanzu ba tuwo kawai ya ci ba, ya ci sunan gidan. Ya daina haɗa ido da Baba. Goggo ta lura. Washegari da sassafe ta ɗauko tabarmarta da wuƙa da kwandon makabo, ta shimfiɗa a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta miƙe ƙafa daga wannan bango zuwa wancan. A nan ta koma yin aikinta. A nan take fere, a nan take tsince masara, a nan take salla. In za ta shiga madafa sai ta kira ni in zauna, in kuwa na tafi aiki sai ta ja murhun gawayi kusa. Duk wanda zai fita sai ta janye ƙafa. Yaya kaɗai ba ta janye wa.

Masarar tukunya ta huɗu ta mai da ita kunu, don ya fi tuwo auki. Da rana makabo da ɗan manja. Yaya ya ture kwanon farko, ya ce wannan abin taɓawa ne, ba abincin namiji ba. Ta ce, "A inda za su kai ka, ɓawonsa ake rabawa. Ci." Ya ci.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare, da safe ina shirin fita, sai na ga Yaya ya fito da hula a ka da takalmi a ƙafa. Ya tsaya a kanta.

"Goggo, ba ni hanya."

Ba ta ɗaga kai ba, tana fere. "Tsallaka."

"Kin san ba zan tsallake ki ba."

"To koma."

"Don Allah, Goggo. Na zama mace a gidan nan."

"Macen ce ta hana ka fita. Ka tsallake ƙanwar ubanka in ka isa, sai in san abin da zan aika wa matarka."

Yana tsaye yana huci, sai muka ji usur. Daga bakin layi ya fara, wani ya amsa daga ɗaya bakin. Masu kame sun toshe duka biyun. Sai ƙarar mota, sai gudu cikin taɓo, wani ya faɗi a jikin dangarmu har ta girgiza. Wata mata tana kiran sunan mijinta. Na ja Yaya bayan bango, na danna shi ƙasa. Na zaro takardata na riƙe, yatsuna sun jiƙe ta.

Aka turo ƙofar zaure da gindin bindiga. Ɗan sanda ne, baƙar fata, da igiya a kafaɗa. Ya duba zauren, ba tabarma, ba takalma, ba kowa. Ya matso ya tarar da mace zaune a bakin ƙofa cikin ɓawon makabo. Ya yi magana da Faransanci, ta dube shi kawai. Sai ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Akwai maza?"

Na fito na miƙa takardata. Ya juya ta ya dawo mini da ita, idonsa na kan tsakar gida ta saman kan Goggo. Tsakaninsa da Yaya bai fi tsawon tabarma ba. Ya sake tambaya, "Saura?"

Goggo ta ɗaga kwanon makabo ta miƙa masa ta ce, "Saura wannan. Baƙi ma sun gudu. Za ka ci?"

Ya leƙa kwanon, ya yi tsaki. A waje wani ya ƙwala masa kira. Ya tsaya kamar zai tsallake ta, sannan ya juya. Ranar an kwashi mutane da yawa a layinmu, har da wani mai wankin hula da muke salla tare. Yaya bai sake sa takalmi ba har wata ya ƙare.

Kwanakin da suka rage ban san yadda muka yi su ba. Kunu ya tsinke har ana ganin gindin ƙwarya. Maƙwabciya ta riƙa miƙo makabo ko da dusar da za a ba ta ta ƙare. Duk motar da ta wuce sai mu yi shiru har ƙararta ta ɓace. Amma ba ranar da ba a ɗora tukunya ba, kuma ranar ƙarshe ta wata Goggo ta kife tukunya ta huɗu ta buga gindinta, abin da ya zubo ya yi mana kunun safe.

Da sabon wata na Turawa ya kama, na je wurin Baturen ni kaɗai na karɓo shaidar da za ta kare Yaya a hanya, na dawo na ɗauki Yaya. Goggo ta janye ƙafa. Muka bi ta lunguna, aka rubuta shi, aka buga hatimi. Da muka dawo tana nan inda muka bar ta. Yaya ya durƙusa ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ba ta karatu. Ta riƙe ta a juye, ta daɗe tana kallo, ta shafa wurin hatimin da babban yatsa.

"Wannan ce?"

Na ce, "Ita ce, Goggo."

Ta mayar masa ta ce, "To Babba, gobe ka fita ka nemo cefane. Kana da ci."

Ta naɗe tabarmarta ta shiga madafa. Na bi ta da itace. Na same ta durƙushe gaban murhu tana ƙyasta ashana ta kasa kunnawa, ta karya ta farko, ta karya ta biyu, ita da ba ta yarda a yi asarar ko tsinke ɗaya ba. Ta miƙo mini kwalin ba ta juyo ba, ta ce, "Hura mini, Ƙarami. Kada ka faɗa wa Babba."

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata, ya yalwata mata kabarinta. Ya ciyar da ita daga abin da ba a aunawa, ya sa tsoron da ta sha a duniya ya zama shi ne na ƙarshe. Amin.